Tsohon magani, sabon aiki: yaƙi da yauƙin ƙwayoyin cuta

Duk mai wanke randa ya san yauƙin nan mai santsi da ke manne wa cikinta in ruwa ya daɗe. Ƙwayoyin cuta ne ke taruwa su gina shi, su fake a ciki kamar gari mai ganuwa. Irinsa yana kama haƙora, da tsohon gyambo, da robar fitsari da ake sa wa majinyata a asibiti. Da zarar ya kafu, maganin da ke kashe ƙwayoyin a sarari sai ya kasa cin ƙarfinsu, ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Ƙirƙiro sabon magani yakan ci shekaru 10 ko fiye da maƙudan kuɗi. Shi ya sa masana suka koma binciken magungunan da aka riga aka sani, ko akwai mai hana yauƙin kafuwa.

Ƙasar Japon ce ta ba da misali. A farkon shekarun 1980, likita Shoji Kudoh ya lura cewa masu fama da wani mugun ciwon huhu suna samun sauƙi in sun daɗe suna shan eritromisin kaɗan-kaɗan. A shekarun 1970, kusan kashi 63 cikin 100 ne na majinyatan ke kaiwa shekaru 5 a raye; daga 1985 zuwa 1990 adadin ya kai 91. Alhali maganin ba ya kashe Pseudomonas aeruginosa, ƙwayar da ke addabar huhunsu. Daga baya aka gano yana rage kumburi, yana kuma katse saƙonnin da ƙwayoyin ke aika wa juna kafin su haɗa kai su yi yauƙi.

A 2013 kuma, masu bincike a birnin Roma na Italiya suka nuna cewa niklozamid, maganin tsila, yana katse waɗannan saƙonni. Sai dai a ɗakin gwaji da jikin tsutsotsi aka ga haka, kuma hanjin ɗan Adam ba ya tsotsar maganin sosai.

Don haka kada jama'a su ruga wajen ƴan tallar magani a kasuwa. Shan irin su eritromisin barkatai yana koya wa ƙwayoyin cuta jure musu. A asibitocinmu, rigakafin da ke hannu yau shi ne wanke hannu, tsabtace gyambo, da cire robar fitsari da zarar buƙatarta ta ƙare.