Gyaran Haƙori a Kudancin Kaduna: Canjin Dala da Dokar Zaiba Sun Sauya Lissafi

KAFANCAN: Manomin citta daga Kwoi ko Kachia da ciwon haƙori ya kawo shi asibiti a Kafancan yakan tarar da zaɓi biyu, a cire ko a gyara. Cirewa ta fi araha a ranar, amma giɓin da ta bari yakan sa haƙoran gefe su karkata, tauna ta yi wuya, daga bisani a biya fiye da abin da aka guda.

Gyaran hawa-hawa ne. Idan kogon ƙarami ne, likita zai kankare ruɓar ya yi ciko. Idan haƙorin ya farfashe amma saiwarsa na nan, sai a fere shi a sanya masa hula ta ƙarfe ko ta tangaran, dabarar da masu haƙorin Makka suka daɗe da sani. Idan kuwa ya fita baki ɗaya, ana yin gada: a fere haƙora biyu na gefe domin su ɗauki na tsakiya. Ke nan kuɗin haƙora uku za a biya saboda guda ɗaya. Hula da gada kuma a ɗakin ƙira ake yin su, don haka inda babu shi kusa sai an aika awon Jos ko Kaduna, kuɗin mota ya hau kan majiyyaci.

Akasarin kayan aikin daga ƙasashen waje ake sayo su. Bayan da aka saki Naira a watan Yunin 2023, Dala ta tashi daga kimanin Naira 460 ta haura 1,500 a 2024. A daminar 2023 ɗin ce kuma annoba ta lalata gonakin citta, wadda ita ce babbar hanyar samun kuɗin yankin. Kaya sun yi tsada a daidai lokacin da aljihu ya bushe.

Sai batun amalgam, cikon nan mai launin azurfa, mai araha da ƙarko, wanda kusan rabinsa zaiba ce. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Minamata a 2018, kuma a taron Geneva na Nuwamban 2025 aka tsayar da 2034 a matsayin shekarar daina amfani da shi. Farin cikon da zai gaje shi ya fi tsada, yana cin lokaci, kuma yawancinsa sai da fitila ta musamman yake daskarewa. Duk mai shirin zuba jari a asibitin haƙori a yankin, dole ya sa kuɗin wutar lantarki tabbatacciya a farkon kasafinsa.