Rabuwa a zamanin waya: abin da waƙar Sam Hunt ta tuna mana

Da yawa daga cikinmu mun san irin wannan dare. Littafin lissafi a buɗe, jarrabawa saura kwana uku, amma hannu ya riga ya kai kan waya. Yau me ta ɗora? Da wa ya ɗauki hoto? Alhali an rabu tun tuni, ko gaisuwa ba a yi.

A Amurka wani mawaƙi ya mayar da wannan hali waƙa. Sunansa Sam Hunt, an haife shi a 1984 a garin Cedartown da ke jihar Georgia. Yana yin kiɗan country, wato kiɗan mutanen karkarar kudancin Amurka, wanda cibiyarsa take birnin Nashville. Idan muka tambayi iyayenmu, wasunsu za su tuna Don Williams da Dolly Parton da ake sa wa a rediyo. To, gidansu ɗaya da shi. Kiɗa ne da ya daɗe yana ba da labarin kewa da rabuwar masoya.

Waƙar tana cikin kundinsa mai suna Southside da ya fito a 2020, kuma a 2021 ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin country da gidajen rediyon Amurka suka fi sakawa. Sunanta “Breaking Up Was Easy in the 90s”, ma'ana rabuwa ta fi sauƙi a shekarun 1990. Labarin saurayi ne da ya rabu da budurwarsa, amma wayarsa ta hana shi sakat, kullum tana nuna masa inda take da abin da take yi.

Me ya canza?

A wancan lokaci babu Facebook, sai a 2004 aka kafa shi. WhatsApp ya zo a 2009, Instagram a 2010. Wanda ya rabu da wani, in ba a hanya suka ci karo ba, sai a yi watanni bai ji ɗuriyarsa ba. Ba wai mutanen da ba sa jin ciwon rabuwa ba ne. Suna ji, amma nisa yana taimaka musu, miki ya samu ya warke ba mai fama shi.

Mu kuwa da mikinmu muke yawo a aljihu. Ko ba mu nema ba, manhajar za ta kawo mana. An gina ta ne ta lura da wanda muka fi dubawa, ta ƙara turo mana shi. Tun 2015 Facebook yake tono tsofaffin hotuna yana tuna wa mutum abin da ya faru a rana irin ta yau.

Masana ma sun duba lamarin. A 2012 wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Tara Marshall ta Jami'ar Brunel a Ingila, ta yi bincike a kan mutum 464. Ta gano cewa waɗanda suke yawan leƙa shafin tsohon masoyinsu sun fi zama cikin damuwa da kewa, kuma sun fi daɗewa ba su farfaɗo ba.

Nisan da za mu gina da kanmu

Wannan bai tsaya ga soyayya ba. Ƙawar da muka yi shekara uku muna zama benci ɗaya, ko abokin da muka ɓata da shi a filin ƙwallo, duk ciwon iri ɗaya ne. Tunda zamani ya ɗauke mana nisa, sai mu gina shi da hannunmu.

A Instagram da WhatsApp akwai hanyar ɓoye abin da mutum yake ɗorawa ba tare da an sanar da shi ba. Yin haka ba gaba ba ce, in mun haɗu za mu yi sallama kamar kullum. Lokacin karatu, mu bar wayar a wani ɗaki, ko mu ba Mama ajiya. Mu kuma kama hannunmu daga habaici a sitatus, domin magana zarar bunu ce. Abin da muka rubuta cikin fushi, kafin mu goge wani ya riga ya ɗauki hotonsa, gobe ya zagaye aji.

Idan abin ya kai ga hana mu barci ko cin abinci, kada mu bar shi a ciki. Mu samu yaya ko anti, ko malamin da muka yarda da shi, mu faɗa masa. Ranar da za a raba takardar WAEC ko NECO, mu kaɗai ne za mu zauna a gabanta, wanda muke leƙen shafinsa ba zai rubuta mana ko layi ɗaya ba.