Fuloraid da Basirar Yaro Tun Yana Ciki

Fuloraid sinadari ne da ake samu a duwatsu da ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma kaɗan daga cikinsa yana kare haƙora daga ruɓewa. Sai dai idan mai juna biyu ta sha shi, yakan ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi daidai lokacin da ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa.

Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya bibiyi uwaye da 'ya'ya 299 a birnin Meziko. An gano cewa ƙarin rabin miligiram a kowace litar fitsarin uwa ya zo da raguwar maki 2.5 a gwajin basirar ɗanta. A Kanada, a 2019, an ga irin wannan ga yara maza, amma a Denmak, inda sinadarin bai da yawa a ruwa, ba a gani ba. Zuwan abu biyu tare ba ya tabbatar da cewa ɗaya ne sanadin ɗayan, shi ya sa masana ke ta muhawara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade miligiram 1.5 a lita. A Tibiri, kusa da Maraɗi, ruwan burtsatse da ya zarce hakan ya tanƙwara ƙasusuwan yara da yawa. Tafasa ruwa kuwa ba ya cire shi. Awo kaɗai ke bayyana yawansa.