Ayaba ko Lemo? Yadda Kenya ta Tambayi Jama'arta

Ranar 21 ga Nuwamba, 2005, ɗan Kenya da ya shiga rumfar zaɓe ya tarar da hoton 'ya'yan itace biyu a kan takardar ƙuri'a. Wanda ya amince da sabon kundin tsarin mulki sai ya zaɓi ayaba, wanda bai amince ba kuma lemo. Hukumar zaɓe ce ta ɓullo da dabarar saboda waɗanda ba su iya karatu ba.

Ta yi amfani wajen jefa ƙuri'a, amma ba ta faɗa wa kowa abin da ke cikin kundin ba. Ainihin rigimar kuwa a kan iko ce. Daftarin da aka tsara a babban taron Bomas ya tanadi firaminista mai ƙarfi. Wanda aka kawo wa jama'a, da ake kira da sunan babban lauyan gwamnati Amos Wako, ya bar wuƙa da nama a hannun shugaban ƙasa. Kafin ka ce kwabo, ayaba ta zama Shugaba Mwai Kibaki, lemo ya zama Raila Odinga da abokan tafiyarsa. Mutane da yawa suka bi fuskar da suka sani maimakon takardar da ba su karanta ba. Lemo ya yi nasara da kusan kashi 58 cikin 100, Kibaki ya rusa majalisar ministocinsa, daga baya lemon ya zama sunan jam'iyyar ODM.

Matsalar ƙuri'ar raba-gardama ke nan: sassa ɗaruruwa ake ɗaurewa a dami ɗaya, a ce da mutum ya amsa da "i" ko "a'a". Mutanen Nijar sun ɗanɗana haka a 2009, inda kundi guda sukutum ya koma kalma ɗaya a bakin jama'a, wato tazarce.

A 2010 Kenya ta sake gwadawa, wannan karon da hankali. Bayan rikicin zaɓen 2007 da ya ci rayuka sama da 1,000, aka kafa kwamitin ƙwararru ƙarƙashin lauya Nzamba Kitonga, doka kuma ta ɗora masa aikin wayar da kai na kwana 30. Aka buga daftarin mai sassa 264 da Turanci da Swahili, aka raba shi kyauta, aka yi ta fashin baƙi a rediyo da zaurukan taro.

Amfanin kai wa mutane takardar hannu da hannu ya fito fili a batun kotunan alƙalan Musulunci. Wasu shugabannin coci sun yi ta gargaɗin cewa ana fifita addini ɗaya. Wanda ya buɗe sashen da kansa zai ga cewa hurumin kotunan bai wuce aure da saki da gado da makamantansu tsakanin Musulmi ba, kuma suna cikin tsarin mulkin ƙasar tun samun 'yancin kai a 1963. Mutum na iya ƙin amincewa duk da haka, amma aƙalla ya san abin da ya ƙi.

Har wani abin mamaki ya faru a watan Mayu. An gano cewa wani ya cusa kalmomin "tsaron ƙasa" cikin babin 'yancin ɗan Adam a wasu kwafin da aka buga a maɗaba'ar gwamnati, ƙarin da zai iya ba hukuma damar tauye haƙƙin mutane. Masu bin rubutun layi-layi ne suka ankara, asiri ya tonu tun kafin zaɓe.

Ranar 4 ga Agusta aka fito, kore ga masu "i", ja ga masu "a'a". Siyasa ba ta gushe ba, domin Kibaki da Odinga duk suna ɓangaren kore, William Ruto na jagorantar ja. Kimanin kashi biyu cikin uku suka amince, Kibaki kuma ya rattaba wa kundin hannu a Nairobi ranar 27 ga watan.