Fiyanon Carole King da kotson Narambaɗa

Yau daga Burkusuma nake magana, kuma kan kiɗa za mu tsaya.

Makon jiya wani ƙanena ya kunna min waƙar da ya yi a situdiyo kan mutanenmu da suka bar gonakinsu saboda 'yan bindiga. Kalmomin masu nauyi ne, wallahi. Amma kiɗan fiyanon da aka ɗora mata irin na rawar biki ne, har sai da na ce ya rage sauti kafin na gane abin da yake faɗa.

Sai na kunna masa Tapestry, faifan da Carole King ta fitar a Amurka a 1971. Ita ke rera waƙar, ita ke buga fiyanon da hannunta. Ku saurara da kyau: fiyanon ne ke jan ragamar kiɗan, amma ba ya hawa kan muryarta. In ta sassauta, shi ma ya sassauta. Ganga na can baya a hankali, jitar James Taylor na shigowa kamar baƙo mai kunya. Muryar ma ba a goge ta ba, kana jin 'yar kaushinta. Da wannan sauƙin faifan ya yi mako 15 a saman jadawalin Amurka, ya ci kyautar Grammy huɗu.

To ai mu Gobirawa ba baƙin wannan tsari ba ne. Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, da kotso ya yi Bakandamiya. Kotso fuska ɗaya gare shi, da hannu ake buga shi, mai bugun kuma kunnensa na kan bakin mawaƙi. In Narambaɗa ya ja baiti, kiɗa ya ba shi wuri, 'yan amshi su karɓa. Kakana kan ce, "Kiɗin da ba ya jiran magana, hayaniya ce."

Matsalarmu ita ce yawancin fiyanon situdiyo maɓalli ake dannawa, bugu ɗaya ya yi ta maimaita kansa, mawaƙi ya bi shi a guje. Na ce wa ƙanena ya koma ya ce a kashe gangar na'urar, mai fiyano ya bi muryarsa da yatsu. Ya ce mai situdiyon zai ƙara masa kuɗi. Na ce ni zan biya rabi.