Kafin Ka Dasa Reshen Furanjifani a Gidanka

Duk wanda ya taɓa wucewa ta tsofaffin unguwannin ma'aikata a Kaduna ko Zariya ko Jos, ko ya yi karatu a makarantar kwana ta da, ya san itacen nan ko da bai san sunansa ba. Rassansa kauri gare su kamar yatsun hannu da suka kumbura, ganyensa dogo, furensa fari tas da ruwan ɗorawa a tsakiya, kunnuwa biyar, ga ƙamshi da ke tashi da zarar magariba ta yi. Da rani yakan kaɗe ganye ya tsaya tsirara, har baƙo ya ɗauka ya mutu, sai kuma a wayi gari furanni sun fito a kan rassan da ba ganye ko ɗaya. Masu sayar da fulawa a bakin titi suna kiransa furanjifani, masana tsirrai kuma suna ce masa fulumeriya.

Baƙo ne a ƙasarmu. Asalinsa Meziko da Amurka ta Tsakiya da tsibiran Karibiyan, daga can Turawa suka yi ta yawo da shi har ya cika ƙasashe masu zafi. Sunan fulumeriya an raɗa shi ne don tunawa da Charles Plumier, wani limamin Kirista Bafaranshe masanin tsirrai da ya rasu a 1704. Furanjifani kuwa sunan wani gidan sarauta ne a Italiya da aka danganta wa wani turaren safar hannu mai irin wannan ƙamshi. Ƙasashen Nikaragwa da Lawos sun ɗauke shi furen ƙasa, a Hawayi kuma shi ake shiryawa a zare a rataya wa baƙo a wuya. Ƙamshin nan na dare ma dabara ce: yana jawo manyan malam-buɗe-littafin dare su zo neman zuma, alhali furen ba shi da ko ɗigo, su yi ta zagaye daga wannan zuwa wancan suna kai masa garin barbara a banza.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami abu biyu ne da na ga suna maimaituwa a gidajen mutane yanzu da sha'awar shuka fulawa ta ƙaru, musamman a tsakanin mata da matasa. Na farko asarar kuɗi da ta wahala. Na biyu ya fi muni, domin ya shafi ido.

Bari in fara da na idon. Furanjifani dangin tumfafiya ne, dangin kariya, dangin kwankwani da maharba ke dafa dafin kibiya da shi. Duk gidansu ɗaya a wurin masana. Bahaushe ba ya bukatar a gaya masa abin da nonon tumfafiya ke yi wa ido, tun muna yara ake kwaɓarmu a kansa. To, da ka karya reshen furanjifani ko ka tsinke ganyensa, irin wannan farin ruwa ne zai ɓulɓulo, mai danƙo, yana ɗiga. Bai kai na kwankwani haɗari ba, kuma ba na so in tsorata kowa fiye da kima, amma yana ƙona fatar wasu mutane, ya sa ƙaiƙayi da ƙuraje, idan ya shiga ido kuwa raɗaɗi ne mai tsanani da ja da kumburi. Yaron da ya tauna ganye ko reshe zai iya yin amai da gudawa. Matsalar ita ce tumfafiya a daji take, kowa na gudunta, shi kuwa wannan a tsakar gida yake, kyakkyawa, furensa na zubowa ƙasa kullum, yara mata na tsinta suna saƙalawa a kitso.

Saboda haka ranar da za ka yanki reshe, ka sa safar hannu, in babu ka ɗaura leda. Kada a tsaya ƙarƙashin reshen ana kallon sama yayin yanka, nan ne ɗigon ke faɗawa ido kai tsaye. A kori yara daga wurin. In an gama a wanke hannu da wuƙa da sabulu, kuma kada wuƙar ta zama ta yanka albasa. Idan tsautsayi ya gitta ruwan ya shiga ido, a sa idon ƙarƙashin ruwa mai tsabta a yi ta kwarara masa kamar minti 15, ba tare da murzawa ba, sannan a nufi asibiti in raɗaɗin bai lafa ba ko gani ya dushe. Ban da ɗiga nonon uwa, ban da ruwan sukari, ban da tozali, ban da maganin ido da aka tsinta a bayan madubi ba a san na mene ne ba. Kada garin neman gira a rasa ido. Wani abin kuma, itacen ba shi da ƙwari ko kaɗan, reshe mai kauri kamar damtse yana iya ɓallewa da nauyin yaro ɗan shekara bakwai. Ba itacen hawa ba ne, ba kuma na ɗaura lilo ba.

Yanzu ga batun dashe, inda yawancinmu ke faɗuwa. Ni ma na faɗi. Reshena na farko wata dattijuwa maƙwabciyarmu ce ta ba ni, na kawo shi gida da ɗoki ruwan yana ɗiga, na cika tsohon bokitin fenti da baƙar ƙasa da takin awaki, na soka shi, na kuma riƙa ba shi ruwa safe da yamma kamar alayyafo. Bayan mako uku na taɓa gindin, yatsana ya nutse. Da na tuge shi, ƙasan ya yi baƙi ya narke, yana wari kamar rogon da ya kwana uku a ruwa. Da na koma na gaya mata, dariya ta yi ta ce, "Ɗan nan, ai son da ka yi masa ne ya kashe shi. Da ka jefar da shi bayan ɗaki ka manta, da yanzu ya kama."

Gaskiya ta faɗa. Reshen furanjifani tulu ne, cike yake da ruwa da abincin da za su riƙe shi makonni. Ba shi da saiwa, don haka ba shi da bakin shan ruwan da kake zuba masa. Ruwan sai ya kwanta a jikin ɗanyen ciwon da wuƙa ta yi, ƙwayoyin ruɓa su samu ƙofa a buɗe. Manomin rogo ya san ana shuka itace ya tsiro, mai shingen bini-da-zugu ma ya sani, amma wannan ya fi su ƙin laima nesa ba kusa ba.

Ga yadda ake yi. A zaɓi reshe lafiyayye wanda fatarsa ta fara yin toka-toka, ba ɗanye shar ba, tsawonsa santimita 30 zuwa 45, wato kamar kamu ɗaya, kaurinsa ya kai babban yatsa ko ya fi. A yanke shi da wuƙa mai kaifi a sara ɗaya, kada a murɗe ko a karya. (A kuma nemi izinin mai itacen. Na sha ganin wanda zai tsaya da mota a gaban gidan mutane ya ɓalle reshe ya gudu, ya bar wa itacen rauni, shi ma abin da ya sata ba zai kama ba saboda ya tsage.) A yanke duk manyan ganyen, a bar ɗan guntun hannunsu, za su bushe su zube da kansu. In akwai fure a kai a cire shi, ko da zuciya ba ta so, domin ƙarfin da zai tafi wurin fure saiwa ke bukatarsa. Wasu na dangwala bakin yankan a toka mai tsabta, ba laifi.

Sai kuma matakin da mutane ke tsallakewa: a ajiye reshen a inuwa, wuri busasshe mai iska, mako ɗaya zuwa biyu, ba ƙasa ba ruwa. A jingine shi a zaure ko ƙarƙashin rumfa. Za ka ga bakin yankan ya bushe ya yi tauri kamar ɓawon gyambon da ya warke. Wannan ɓawon shi ne garkuwarsa, daga gefensa kuma saiwa za ta fito. Idan ka yanka dogon reshe gunduwa-gunduwa, ka yi wa saman kowanne alama da gawayi tun a lokacin, don wanda aka dasa kai ƙasa ba ya tsirowa.

Ƙasar da za a sa masa ita ce wadda manomi zai raina. Yashi mai tsakuwa, irin na gini, kashi biyu, ƙasar jigawa kashi ɗaya. Ban da laka, ban da ƙasar fadama, ban da ɗanyen taki, wanda ban da ruɓarwa har gara yake gayyatowa. Tukunyar ƙasa ta fi bokitin roba, domin tana numfashi, amma kowacce ce dole a huda gindinta ruwa ya riƙa fita. Kada tukunyar ta yi girma, ƙarama ta fi saurin tsanewa. A binne santimita 7 zuwa 10 kawai, a danne ƙasar, a kafa sanda a ɗaure shi don kada iska ko kaza ta girgiza shi. A ba shi ruwa sau ɗaya. Daga nan a ɗauke hannu.

Wannan ɗauke hannun shi ne jarrabawar. Mako huɗu zuwa takwas yake ɗauka kafin ya yi saiwa, wani ma ya haura haka, kuma duk tsawon lokacin sanda ce kawai za ka riƙa gani a tukunya. A gidan da ke da yawa, sai kowa ya zo wucewa ya tausaya masa, wannan ta zuba ragowar ruwan alwala, waccan ta juye na wanke-wanke. A gaya wa kowa a gidan, har da 'yan aike. Kada kuma a riƙa tuge shi don a ga ko ya yi saiwa, saiwar farko fara ce mai laushi, taɓawa kaɗan take karyewa. Alamar kamawa a sama take: ƙananan ganye kamar farce za su fito a kan reshen, su miƙe, su buɗe. In ka ga ganye biyu ko uku sun buɗe sosai, to a fara ba shi ruwa, shi ma sai ƙasar ta bushe tukuna. Idan a tsakani jikin reshen ya yi tamoji amma yana da tauri, ƙishi ne, a ɗan yayyafa masa. Idan ya yi laushi yana lotsawa, ruɓa ce. A tuge shi, a yanke har sai an kai inda cikin ya yi fari tas, a sake shanyawa daga farko. Sau da yawa ana ceto shi.

Lokaci ma yana da muhimmanci. A ƙasar Hausa abin da ya fi shi ne bayan hunturu ya wuce, daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da gari ya ɗumama kuma ruwa bai sauka ba, ta yadda damina za ta same shi da saiwarsa. Dasa shi a Agusta, lokacin marka, zubar da reshe ne. A tsakiyar sanyin Disamba kuma barci yake, zai zauna kawai ba motsi. Sai dai zafin bazara namu ba wasa ba ne, baƙar leda ko bokitin roba a kan siminti da tsakar rana yana iya dafa sabuwar saiwa. A sa shi inda zai sha hantsi, inuwa ta rufe shi da azahar. In ya yi ƙarfi sai a mai da shi rana sosai, domin wanda bai samu kamar awa shida na rana ba ganye zai yi ta yi ba fure. Mai son mai da shi ƙasa ya bar tazarar mita biyu zuwa uku daga bango, kuma ya guji bakin rariya ko kwararon da ruwa ke kwanciya, domin itace ne da kan kai mita bakwai ya baje.

Da damina za ka iya ganin wani gari ruwan lemo a bayan ganyen, in ka shafa ya manne a yatsa. Tsatsar ganye ce. Ba ta cika kashe itacen ba, amma tana zubar da ganye da wuri. A tsinke waɗanda suka kamu, a share na ƙasa a kai shara mai nisa.

Saura gargaɗi ga masu saye. Reshe yana ba ka ainihin launin uwarsa, kuma sau da yawa cikin shekara ɗaya zuwa biyu zai yi fure. Iri kuwa sai ya shekara uku ko fiye, kuma launin da zai fito ba lallai ya zama na uwar ba. Duk wanda ya nuna maka hoto a waya ya ce ga irin furanjifani shuɗi kamar bula, ka riƙe kuɗinka. Launukansa fari ne, da ruwan ɗorawa, da ruwan hoda, da ja, da gaurayensu. Shuɗi babu shi, a kwamfuta aka rina hoton. In za ka sayi wanda ke cikin leda a bakin titi, ka matsa gindinsa da yatsa ka ji ko da tauri, ka ɗaga ledar ka duba ko saiwa ta leƙo ta ƙasa, domin akwai masu soka sabon yanka mai fure da safe su sayar da yamma a matsayin wanda ya kama.

Idan akwai maƙwabcin da ke da itacen da ka ga furensa da idonka, ka je ka yi sallama ka roƙi kamu ɗaya. Ka jingine shi a zaure mako biyu, inda hannun yara ba zai kai ba.