Daidaita Zafin Tanderu a Yelwa: Na'ura Ta Samu, Saura Wuta da Awo

Tun fil azal mai gasa gurasa ko burodi da tafin hannu yake auna zafin tanderu, ya kara hannu a bakinsa ya san ko wuta ta yi. A ɗakin gwaje-gwaje kuwa, wannan gwaninta ba ta wadatarwa. Mai son sanin yawan danshin ƙasa dole ya busar da ita a digiri 105 har kwana guda. Mai kashe ƙwayoyin cuta a kwalaben gwaji yana bukatar digiri 160 na awa biyu, mai ƙone abinci ya zama toka don auna ma'adanansa kuma sai ya kai wajen 550. Da zarar zafi ya kauce, sakamako ya kauce.

Shi ya sa batun ya shafi Yelwa ta garin Bauchi kai tsaye. Nan ne harabar farko ta Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda aka kafa a 1980, ga Kwalejin Aikin Gona ta jiha, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Gwallameji, maƙwabciyarta. A irin waɗannan makarantu, tsohon makunnin da ke kashe wuta ya kunna idan zafi ya wuce ko ya gaza yana ba da wuri ga na'ura mai lambobi. Tsinken awo, wato wayoyi biyu na ƙarfe daban-daban da aka haɗe bakinsu, shi ke sanar da ita zafin ciki, ita kuma ta riƙa rage wuta sannu-sannu tun kafin a kai adadin da ake so.

Dalilan sauyin a fili suke. Ƙananan na'urorin da ake shigowa da su daga Sin sun yi araha, alhali cikakken tanderun waje ya ƙara tsada tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023. Wannan ya ƙarfafa masu ƙira na gida da ɗaliban injiniya su haɗa nasu. Cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuma ya sa ɓarnar makamashi ta zama asarar da ba a iya jurewa, tanderun da ke riƙe zafi daidai kuwa yana rage ta.

Sai dai ribar tana da sharuɗɗa. Na farko wutar lantarki: a Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa, har da Bauchi, sun kwana fiye da mako cikin duhu, kuma gwajin da aka katse a tsakiya sai an sake shi daga farko. Wutar da ke dawowa da ƙarfi ma tana ƙone na'urar. Na biyu awo: tsinken yana tsufa, ya soma nuna abin da ba shi ne ba, amma lambobin da ke haske kan allo su sa mutum ya saki jiki. Wannan haɗarin ya fi na tsohon makunni, domin kuskure ne da ba ya bayyana.

Saboda haka hukumomin makarantu da masu gidajen burodi su ware kuɗin tantance ma'aunansu a kai a kai, su tanadi abin kare na'ura daga hauhawar wuta, su kuma horar da masu gyara a cikin Bauchi. Binciken da aka gina kan ma'aunin da ba a tantance ba, ba abin dogaro ba ne.